Ba a Gaisuwa a Ƙarƙashin Ruwa

Zango, Wagadugu

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Zuwa ga 'yar Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, ke da maigidanki da mutanen gidanku na Gungen baki ɗaya. Ya aiki, ya haƙuri da masu naƙuda? Allah ya tsare ki a zaune, ya tsare ki a tafe. Babanku yana gaishe ki, shi ne ma zai kawo miki wannan takarda a kan mobilet ɗinsa, ɗan babur ɗin nan, a ƙarƙashin kwanon dambun nama. Na ce masa guzuri ne, bai tambaya ba.

Na san za ki yi mamaki. Daga Zango zuwa Gungen ba tafiyar da za a yi wa takarda ba ce, kuma shekaranjiya ma kina nan tsakar gida kina cin tuwona. Amma kin san yadda muke ni da ke. Ke ce 'yar fari. Tun da aka haife ki ban taɓa kiran sunanki ba, ban taɓa zaunar da ke na dube ki ido cikin ido na yi miki doguwar magana ba. "Ke" nake cewa, ko "'yar Gwaggo", tunda ƙanwar babanku ce ta goye ki, Allah ya ji ƙanta. Haka na tarar ana yi a Maradi, haka na yi. To maganar da ke bakina yau ta fi ƙarfin "ke", shi ya sa na ɗauko alƙalami. Ki yi haƙuri da rubutun, na yaƙi da jahilci ne, kuma ya fi sabawa da sunayen atamfa.

Ranar da kuka zo ke da maigidanki kuka ce kun ɗauki konje, wato hutun aiki, za ku Dakar, na ɗauka ziyara ce. Sai na ji ana batun nutso a teku, da tulun iska a baya da tiyo a baki. Babanku ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "To kifin da ake kawo mana har kasuwa cikin ƙanƙara, me ya yi muku da za ku bi shi gidansa?"

Kika ce, "Baba, ba kamawa za mu yi ba, kallo ne kawai."

Ya ce, "Kallo! Allah mai iko. Ni da na tsufa ina kai kaya bakin ruwa a Lome, ko idon sawuna ban taɓa jiƙawa ba."

Daga nan kika juyo wajena kika ce, "Inna, kin yarda?" Na ce ba komai, Allah ya kiyaye hanya. Ki riƙe wannan amsar, zan dawo kanta.

Ban rubuto don in hana ki ba. Matan Zango sun riga sun yi iya yinsu. A wurin suna na ji ana cewa wai ɗiyar mai atamfa za ta kai wa aljanun ruwa ziyara, na ce to duk mai saƙo ta kawo. Kin yi shekaru a tsaye kan mata masu haihuwa, ba salla ba Juma'a, in kin ce za ki huta ba wanda ya isa ya zaɓa miki irin hutun. Kuma son tekun nan ni na jawo. Duk dawowata daga Lome sai na zo da kwanson bakin ruwa in ba Gwaggo ta ba ki, ki wuni kina kara shi a kunne kina cewa ana magana a ciki.

Shirin naku ma ba ni da abin cewa a kansa. Maigidanki mutum ne mai tsari. Ya yi ta zarya zuwa sibar, shagon intanet, har ya samo makarantar da za ta koya muku, ya nemi wanda ya taɓa zuwa ya tambaye shi, ya zaɓi lokacin da ruwan ke da ɗumi, kuma kafin azumi ya kama. Kun ce za a fara da ku a wuri marar zurfi, mai koyarwa na kusa. Kun ce ba za ku fito daga ruwa ku faɗa jirgin sama ba, sai kun wuni kun kwana a tudu jiki ya saki iskar da ya sha. Har rigar robar kin nuna mini a hoto, na ga ta rufe daga wuya zuwa idon sawu, har da hula, ta fi kayan da wasu ke sawa zuwa biki sutura. Duk na ji, na gamsu. Abu guda ne ba ku sa cikin shirin ba, kuma ba a samun sa a sibar, domin a gidan nan kika koye shi.

Kin tuna yammar da kika koya mana maganar hannu a gindin darbejiya? Kika ce a ƙarƙashin ruwa baki a cike yake, hannu ne ke magana. Kika haɗa babban yatsa da manuniya suka yi zobe, kika ce wannan shi ne "kina lafiya?", kuma shi ne amsar, "lafiya lau". Kika shimfiɗa tafin hannu kika karkaɗa shi, kika ce wannan "akwai matsala", sai mutum ya nuna inda take. Babban yatsa sama kuma ba yabo ba ne, "mu hau" ne. Babanku ya ɗauki abin da zafi. Yanzu in miya ba ta ji gishiri ba, ba ya magana, sai ya karkaɗa mini hannu ya nuna kwano. Ya kai abin har ƙofar masallaci, tsofaffin direbobi suna ta yi wa juna zobe. Ni kam ban yi dariya sosai ba a ranar. Tun da kika ce tambayar da amsar alama ɗaya ce dariyar ta fita raina. Na ce a raina, wannan ai gaisuwa ce, kuma na san yadda muke amsa gaisuwa.

Ki duba garin nan. Bahaushe ya ce lafiya lau, Bamoshe ya ce lafi bala, 'yan lakwal, masu bokon Faransanci, su ce sa ba. Mutum na kwance ana yi masa fifita, ki ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Ko masu awon da suka shigo Zango kwanan baya suna jan igiya a jikin gidaje, alhali kowa ya san rusau awon ke nufi, da suka gai da babanku lafiya lau ya ce musu, har ya sa aka kawo musu ruwa. Ba ƙarya muke yi ba. Mu a tudu muna da kunnen jin abin da ke bayan magana. Muna jin yadda muryar ta fito, muna duban ido, muna sake tambaya ta wata hanya, in duk ya ƙi mu tambayi maƙwabciya. To a can ƙasa babu murya, fuska na bayan gilashi, maƙwabciya kuma kifi ce. Zoben da kika yi shi kaɗai mutumin zai gani, kuma zai yarda da ke.

Ba zato nake yi ba, da idona na gani. Ranar Asabar ɗin da na bi ki pisin ɗin otel inda kike koyon iyo, na zauna a kujerar roba da mayafina, Turawa na wucewa suna gaishe ni kamar ni ce mai wurin. Mai koya muku, tsohon pompiye ɗin nan, ɗan kwana-kwana mai furfura, ya jefa ƙarfe a wuri mai zurfi ya ce ki nutse ki ɗauko. Kika nutse, ya bi ki. Ruwan garau yake, ina hango ku. Ya yi miki zobe, kika mayar masa, kika ɗauko ƙarfen kika fito. Ya ce, "Sa ba, madam?" Kika ce, "Sa ba tire biyan." Har ya tafa miki. Amma a cikin taksi muna dawowa ina ganin ki ta wutsiyar ido. Kina danna bayan kunnenki na hagu da yatsa, kina haɗiyar yawu, kina karkata kai. Na ce, "Ke, lafiya?" Kika ce, "Lafiya lau, Inna." Ni kuma na ce madalla, na juya ina kallon masu sayar da kankana. Muka yi gaisuwarmu muka gama, kunnen kuma yana nan yana ciwo.

Kin sha jin babanku yana tsokanata da "Hajiya mai wankan Lome". Ga yadda abin ya faru. Tafiyata ce ta farko saro atamfa, tare da Hajiya Binta Bakanuwa, wadda ta koya mini hanya. An ce mini ruwan teku na maganin faso, ni kuma ƙafata duk ta tsage. Da muka gama ɗaurin kaya da hantsi na ce mu je in tsoma ƙafa. Binta ta tsaya nesa riƙe da jakunkunanmu, ni na shiga iya ƙauri. Ban san teku na janye ƙasa daga ƙarƙashin mutum ba. Ruwa ya zo ya koma, sai na ji ni a zaune, ya sake zuwa ya ja ni. Zanina ya kwance. Akwai masunta kusa suna jan taru, ɗayansu ya saki igiya ya yo wajena yana ɗaga hannu yana tambaya da yarensu. Ni kuwa abin da ke kaina zanin nan ne, kada namiji ya iso ya same ni haka. Na dafe zani da hannu ɗaya, na ɗaga ɗayan na yi masa alamar ba komai, har da murmushi. Bawan Allah ya yarda da ni, ya koma kan igiyarsa. Ruwan da ya biyo baya sai da ya rufe kaina.

Ihun Binta ne ya cece ni. Kin san muryarta, daga wannan bakin kasuwa ana jin ta a wancan. Suka fiddo ni ina aman ruwan gishiri, zanin da nake karewa ya kama hanyar Kwatano, da mayafinta aka rufe ni. Tana kuka tana zagina: "Ke wace irin mace ce? Ruwa na cin ki kina gaisawa da mutane? Wallahi da kin mutu sai na mare ki!" Ana ba da labarin ana dariya, ni ma ina yi. Amma abin da ban manta ba shi ne bayan masuncin nan lokacin da ya juya. Ba shi da laifi ko kaɗan. Ya tambaya ne, na amsa.

Saboda haka duk wanda ya yi miki zobe a ƙarƙashin ruwa, kada hannunki ya riga ki amsawa. Ki tsaya ki tambayi jikinki tukuna, kunne da ƙirji da kai. In sanyi ya shige ki, matsala ce. In tsoro ya kama ki ba dalili, shi ma matsala ce, ki karkaɗa masa hannu. In gilashi ya cika da ruwa, ko damarar tulun ta kwance, ko rigar ta yage a inda ba kya so, ki bar kunya ta jira ki a kwale-kwale. Mai koyarwa ya ga irin wannan har ya gaji. Ni na tsaya kare zani na kusa rasa rai, kuma zanin ma ban tsira da shi ba.

Sai batun kunnen. Na san shi tun kafin ki san kanki. Kina 'yar ƙarama duk damina sai ya yi ruwa, ki wuni kina dafe da shi. Likita na nan kusa, ba nisa. Amma a ce an ga uwa ta saɓa 'yar fari a kafaɗa tana sauri da ita likita? Matan gida sai su ce ba ta da ta-ido. Na bar wa Gwaggo, ita kuma abin da ta sani ta yi, ta narka man shanu ta ɗiga miki, ta toshe da auduga. Ni ina ƙofar ɗaki ina tsintar shinkafa, ina leƙe. Ba kya kuka. Sai ki ciji leɓe, hawaye na zuba, ba sauti. Ni kuma in ce wa matan gida, da ƙarfi yadda za ki ji, "Ita dai 'yar Gwaggo ba ta da raki." Iyakar yabon da na iya yi miki ke nan a gaban mutane, kuma na ga yadda kika riƙe shi da hannu biyu. Har yau in ana magana sai ki juyo da kunnen dama, kina tsammanin ba wanda ya lura.

Kafin ku tashi, ki je wurin likitan kunne. Ba abokiyar aiki nake nufi ba, wadda za ku haɗu a baranda ta ce ai ba komai. Ki je ki bi layi kamar kowa, ki zauna a kujerar marasa lafiya, ki gaya masa duka: damina da man shanu da auduga da abin da kika ji ranar Asabar. In ya ce za ki iya, alhamdu lillahi, sai ki sauka a hankali, kina toshe hanci kina hurawa yadda kika nuna mana, in ya fara zafi ki tsaya ki ɗan hau. Ranar da kika tashi da mura kuwa ki zauna a tudu. In kuma ya ce kunnen ba zai ɗauka ba, ki tafi Dakar ɗinki duk da haka. Ke kika ce mini akwai masu kwanciya a saman ruwa da gilashi da ɗan tiyo suna kallon ƙasa. Ki yi wannan. Na san abin da zuciyarki za ta ce, wai mutum ya sha wahalar shiri, kada ki ɓata masa. Ya aure ki ne da kunnuwa biyu, zai fi so ya dawo da ke haka.

Ƙananan abubuwa kafin in manta. A yi miki kitso ƙanana kwantattu, don igiyar gilashin ta zauna. Ki cire 'yan kunne da zoben zinariya ki bar mini, teku ba ta mayar da aro. Kada ki cika ciki kafin ki shiga kwale-kwale, ki riƙe citta a jaka ki riƙa tsotsa. Ki sha ruwa da yawa ko ba kya jin ƙishi. Abin da kika gani a ƙasa ki kalla da ido, kada ki taɓa, kuma kada ki ce sai kin samo mini kwanso don ki rama, ina da su cike da tasa.

Yanzu maigidanki. Surukina ne, ba zan iya tsayawa gabansa in faɗi wannan ba, sai dai ke ki karanta masa. Kun ce ba a nutso mutum ɗaya, kowa da abokinsa, kuma shi ne naki. Mutumin kirki ne, amma namiji ne, in an ce masa lafiya lau da sauri yake karɓa, don abin da yake so ya ji ke nan. Kuma shi ma ɗan Zango ne, nononmu ya sha. Babanku ya daɗe yana tuƙa babbar mota da hazo a ido. In an tambaye shi ya ce garau yake gani. Ni na sani, don na ga ranar da ya yi wa buhun gawayi sallama a ƙofar gida. Na yi shiru don kada in ba shi kunya, na riƙa yi masa addu'a in zai tafi. Sai da ya kwantar da mota cikin gonar gero a hanyar Tankodogo sannan aka yi masa aikin idon, Allah ya taƙaita ba a rasa rai ba. Addu'ar ta yi amfani, amma da na haɗa da buɗe baki da ya fi.

To ki sa masa ido yadda yake sa miki. In ya yi miki zobe amma kin ga idanunsa sun firfito a bayan gilashi, ko kumfar numfashinsa na fita da gaggawa, kada ki tsaya kare masa girma, ki kira mai koyarwa ki ɗaga babban yatsa. Ki riƙa leƙa agogon iskarsa, ki nuna masa naki. Kuma tun a nan gida ku yi alkawari: duk wanda ya ce a hau, a hau, a hankali, tare, ba tambaya, ba kuma gori in an fito.

Akwai wata tambaya da uwa ba ta yi wa 'yar fari, ni ma ba zan yi ba. Ke ungozoma ce, kin fi ni sanin cewa mace mai juna biyu ba ta wannan nutson. Na kuma san yadda muke ɓoye na fari, har mu ɓoye wa kanmu. In akwai ko da shakka ce, ki duba kafin ki tafi. Ba sai kin gaya mini ba.

Saura guda, ita ce mai nauyin. Haihuwarki a Maradi na yi, a gidanmu. Ciwo ya fara tun da safe, na ci gaba da daka. Innata ta dube ni ta ce lafiya, na ce lafiya lau. Ta sake tambaya da azahar, na ce bayana ne ya ɗan riƙe. An gaya mini tun ina budurwa cewa wadda ta yi kuka a haihuwar fari har jikokinta sai an yi musu gori, ni kuma na ƙudura ba za a ji bakina ba. Kafin a kira tsohuwar da ke karɓar haihuwa kin riga kin sauko, cibiya naɗe a wuyanki, jikinki ya yi toka-toka, ba motsi ba kuka. Tsohuwar ta warware, ta hura miki a hanci, ta ɗaga ki ta buga, ta watsa miki ruwan randa. Ina durƙushe ina kallo, ko a lokacin ban ce uffan ba. Can sai kika tsanyara. Ban taɓa jin abin da ya yi mini daɗi kamar kukan nan ba, amma na juya fuskata bango kamar yadda ake yi. Mata suka yi ta shigowa suna cewa jaruma, ko tari ba ta yi ba.

Na ɗauki yabon nan na yi ta yawo da shi, har ranar da na raka matar maƙwabcinmu wurin aikinki tana naƙuda. Ina tsaye a baranda na ji muryarki daga ciki, ba irin wadda kike yi a gida ba.

"Tanti, tun yaushe ya fara?"

"Tun jiya."

"Tun jiya! Purkwa, don me ba ki faɗa ba? Kunya ce za ta haifar miki ɗan? Nan ba a kunya, in ya yi ciwo ki ce ya yi ciwo!"

Na jingina da bango, ji nake kamar da ni kike. Kuma gaskiyarki. To wannan muryar nake so ki tafi da ita Dakar, ki yi wa kanki faɗa da ita. Kin ce babbar dokar masu nutso ita ce kada a riƙe numfashi ko kaɗan, a yi ta shaƙa ana fitarwa. Ki kiyaye ta. Kin riƙe shi sau ɗaya ranar da kika zo duniya, wannan ya ishe ni.

Na ce zan dawo kan amsar da na ba ki. Kin ce, "Inna, kin yarda?" na ce ba komai. Zobe na yi miki. Ga amsar gaskiya, ki ɗauka ina karkaɗa hannu ina nuna ƙirjina: tsoro nake ji. Tun ranar pisin abinci ba ya yi mini daɗi, in na rufe ido bayan masuncin nan nake gani yana juyawa. Duk da haka na yarda, da zuciya ɗaya. Ki je ki ga abin da ni na tsaya a bakinsa. Abin da nake roƙo kawai, ki ga likitan kafin ki tafi, kuma duk ranar da kika kira waya daga can na ce ya kunnen, ki ba ni amsar kunnen. Ni ma daga yau in kin tambaye ni ya ƙafa, zan gaya miki yadda take.

Jiya da la'asar ina ninke kaya a shago sai wani tunani ya zo mini. Na ce da a ce ina cikin kwale-kwalen nan, kowa ya fito ke ba ki fito ba, me zan kira? "Ke"? Binta da sunana ta yi ihu a Lome. Na leƙa ba kowa a ƙofa, na gwada faɗin naki a hankali. Harshena ya yi nauyi, ya ƙi. Ban iya ba tukuna, amma ina koyo, ke ma ai ba rana ɗaya kika iya iyo ba. Hannu ya fi baki ƙarfin hali, shi zan fara sawa.

Allah ya kai ku lafiya. Allah ya tsare ku a sama, ya tsare ku a tudu, ya tsare ku a cikin ruwa. Ya kwantar muku da teku, ya haɗa ku da mai koyarwa mai tsoron Allah, ya nuna muku abin mamaki cikin halittarsa, ya raba ku da sharrin abin da ke ciki. Ki gai da maigidanki, ki gai da surukanki. Ki yi bisimilla kafin ki shiga, ki yi hamdala in kin fito.

Allah ya dawo mini da ke lafiya, Rakiya.

Ga shi na rubuta, kuma hannuna bai karye ba. In kin dawo ki juyo mini da kunnen dama, zan gwada da baki.

Wassalam.

Mahaifiyarki